'Yarmu da ƙwallo a Amurka: mu kai ta babban kulob ko mu haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna zaune a jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Shi yana aiki da bizar ma'aikata ta H-1B, ni da babbar 'yarmu muna kan H-4, bizar iyalan mai H-1B, domin a Kano aka haife ta. Ƙannenta biyu a nan aka haife su. Shekarunta 14, tana aji tara, kuma Allah ya ba ta ƙafa a ƙwallo. Kocinta ya ce mu mayar da ita wani kulob da ke buga gasar ECNL ta manyan kulob na matasa, wai ta nan jami'o'i ke ɗaukar 'yan mata su biya musu karatu. Kuɗin kulob ɗin da yawa, sai mun rage abin da muke aikawa gida kafin mu iya. Ga shi kakarta ba ta ma san tana buga ƙwallo ba. Mu shiga ko mu haƙura?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya miki su, ya sa albarka a abin da ya ba yarinyar nan.

Kocin bai yi muku ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa. Gaskiya ne yawancin masu horar da ƙungiyoyin manyan jami'o'i a gasannin ECNL da Girls Academy suke zuwa neman 'yan wasa. Abin da bai faɗa ba shi ne, kuɗin da za ku biya na ganin yarinya ne, ba na ɗaukarta ba. Kamar rumfa ce a bakin hanya a kasuwa: duk mai wucewa zai ga kayanki, amma rumfar ba ita ke saye ba. Kuma a gidanku akwai abin da ya fi sunan kulob nauyi, wato takardun yarinyar. Zan zo kansa, don nan ne na fi so ki tsaya ki yi tunani.

Bari mu fara da inda kuɗin ya samo asali. A 1972 Amurka ta kafa dokar da ake kira Title IX, wadda ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji. Tunda ƙwallon Amurka ta maza tana cinye guraben tallafi masu yawa, dole jami'o'i suka buɗe wasannin mata don a daidaita, ƙwallon ƙafa kuma ta samu babban rabo. Yau jami'o'i fiye da 330 ne ke da ƙungiyar mata a rukuni na ɗaya na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i. Ku ma a jiharku kuke da jami'ar da ta fi kowacce suna a wannan fanni, ta Chapel Hill, inda Anson Dorrance ya ci kofin NCAA sau 21 kafin ya yi ritaya a 2024.

An kafa ECNL a 2009 domin 'yan mata. A 2017 hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta buɗe nata tsarin na 'yan mata mai suna Development Academy, ta hana masu buga shi yi wa makarantunsu na sakandare wasa, aka yi ta jan kulob-kulob tsakanin ɓangarorin biyu. A watan Afrilun 2020 hukumar ta rufe tsarin baki ɗaya. Wasu kulob suka koma ECNL, wasu suka haɗu suka kafa Girls Academy. A ƙasa da waɗannan akwai gasar yanki ta ECNL da wasu gasanni. Na kawo miki wannan tarihin ne don ki ga cewa sunan da ake rububi a yau yana iya canzawa kafin yarinya ta gama sakandare. Iyayen da suka zuba kuɗi a 2017 saboda suna, cikin shekara uku sunan ya ɓace.

Dalilin da ya sa masu horarwa ke taruwa a waɗannan gasanni ba wani sirri ba ne. Kasafinsu na tafiye-tafiye ƙayyadajje ne. Idan aka tara ɗaruruwan ƙungiyoyi a wuri ɗaya na kwana uku, a Finiks ko Fulorida ko San Diyego, koci zai zauna a kujerarsa ya ga yara da yawa a tafiya guda. Amma da jerin sunaye yake zuwa, na yaran da suka riga suka rubuto masa suka aiko da bidiyo. Kuma wadda take cikin fili yake gani. Yarinyar da ke zaman benci a babban kulob ba ta kai wadda ke buga wasa daga farko har ƙarshe a gasar yanki amfana ba. Wannan nake so ki riƙe idan kun je ganin shugabannin kulob ɗin. Ki tambaye su 'yan wasa nawa ne a ƙungiyar, kuma a wane matsayi suke ganin 'yarki. Ki ce su ba ki sunayen jami'o'in da 'yan matansu suka shiga a shekaru uku da suka wuce, da nawa ne har yanzu ke wasa a can. Ki nemi jimillar kuɗin shekara a rubuce, har da jirgi da otal, domin gasanni da yawa suna tilasta wa iyaye sauka a otal ɗin da suka zaɓa, kuma sau da yawa kuɗin tafiya yana kamo kuɗin rajista ko ya wuce shi. Sannan kada kunya ta hana ki tambayar rangwame. Kulob da yawa suna da asusun taimaka wa iyaye, amma sai wanda ya buɗe baki ake ba.

Yanzu maganar tallafin karatu, inda aka fi ruɗin iyaye. Shekara da shekaru, ƙa'idar NCAA ita ce ƙungiyar mata a rukuni na ɗaya ba ta wuce cikakken tallafi 14 ba, a raba wa 'yan wasa kusan talatin. Don haka mafi yawa rabi suke samu, ko kwata, wasu kuɗin littattafai kawai. A watan Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun shari'ar da ake kira House, aka cire wannan iyaka ga jami'o'in da suka shiga yarjejeniyar, aka maye ta da iyakar 'yan wasa 28 a ƙungiya. A takarda, jami'a tana iya biya wa duk 28. A aikace, masu ƙarfin yin haka kaɗan ne, kuma ƙungiyoyin da a da suke ɗaukar fiye da talatin sun rage gurabe. Ƙari a kan haka, tun 2018 akwai rajistar sauya jami'a, kuma daga 2024 'yar wasa tana iya sauyawa ta ci gaba da wasa nan take. Koci da ke neman mai tsaron baya yana iya ɗauko 'yar shekara ashirin da ta goge, ya bar 'yar sakandare. Ƙofar ta ƙara ƙunci, ko da yake ba a rufe take ba.

Rukuni na uku kuwa, da manyan jami'o'in nan takwas irin su Harvard da Yale da Princeton, ba sa ba da tallafi saboda wasa ko kaɗan. Suna bayarwa ne bisa buƙatar iyali, wasu jami'o'in rukuni na uku kuma har da ƙoƙarin karatu. Amma ƙwallo tana taimaka wa yarinya ta samu shiga. Michelle Alozie, wadda ta ci wa Super Falcons ƙwallon da ta kai su wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2025, a Yale ta yi digirinta, kuma ta haɗa wasa da aikin binciken cutar kansa a asibitin yara a Houston. Irin wannan hanyar nake yi wa 'yarki fata.

Ga batun takardu. 'Yarki tana kan H-4. Tana iya karatu, amma ba ta da izinin aiki, kuma ba ta cikin waɗanda ke samun tallafin gwamnatin tarayya ta hanyar fam ɗin FAFSA. Wannan na 'yan ƙasa ne da masu girin kad, wato izinin zama na dindindin, da wasu rukunoni kamar waɗanda aka ba mafaka. Ƙannenta za su samu, ita ba za ta samu ba muddin matsayinta bai canza ba. Kuɗin makaranta mai rahusa na 'yan jiha ma kowace jiha da ƙa'idarta a kan masu irin bizarta, sai kun tambayi ofishin jami'ar kun samu amsa a rubuce. Tallafin wasa shi ba ruwansa da ɗan ƙasa ko baƙo, shi ya sa Deborah Abiodun ta taso daga Najeriya ta buga wa jami'ar Pittsburgh. To amma idan koci ya ba da rabi, ragowar rabin fa? 'Yar ƙasa za ta cike da tallafin gwamnati da rance mai sauƙi. Ku daga aljihu za ku cike. Kuɗin talla da 'yan wasan jami'a suka fara samu tun 2021 ma yana iya zama aiki ba bisa izini ba ga mai biza, kada ta taɓa shi sai da shawarar lauya.

Abu mafi muhimmanci: ranar da ta cika 21, ta fita daga H-4. A lokacin tana tsakiyar jami'a. Ko dai girin kad ya fito kafin nan, ko ta koma bizar ɗalibai ta F-1. Don haka kafin ku sa hannu a takardar kowane kulob, maigida ya zauna da wurin aikinsa ya ji ko sun fara masa neman girin kad, kuma ina aka kwana. Ku ga lauyan shige da fice, ku tambaye shi musamman game da dokar da ke kare shekarun yara a layin jira. Idan kuɗinku na abu ɗaya ne a bana, lauya ko kulob, ni lauya zan ce. Girin kad zai buɗe mata kuɗin karatun da ya fi abin da yawancin koci za su iya bayarwa, kuma ba ya ɓacewa idan gwiwa ta samu matsala. Tsinkewar jijiyar gwiwa ta fi yawa ga 'yan wasa mata fiye da maza, kuma jinyarta takan ci kusan shekara. Ki tambayi kulob ko suna yin atisayen kariya irin na FIFA 11+ kafin wasa.

Game da lokaci, kuna da sarari fiye da yadda ake nuna muku. Tun 2019 an hana masu horarwa na rukuni na ɗaya tuntuɓar yarinya sai daga 15 ga Yuni bayan ta gama aji goma, ziyarar jami'a kuma daga 1 ga Agusta. An yi dokar ne don a da ana sa 'yan aji takwas suna yin alkawari. Saboda haka shekarar aji goma ce ta fi muhimmanci a gan ta. Idan bana ta ci gaba a inda take tana samun wasa sosai, ta je gwaji a ƙarshen kakar wasa, ba ta makara ba. A wannan tsakanin ita da kanta za ta riƙa rubuta wa masu horarwa imel, ba ke ko babanta ba, da gajeren bidiyo da jadawalin wasanninta da makinta. Idan ba su amsa ba kafin waccan rana, doka ce ta ɗaure su. Ku yi hattara da gayyatar sansanin gwaji da za ta cika muku akwatin imel, yawancinsu na neman kuɗi ne, ku zaɓi na jami'o'in da take so da gaske. Alkawarin baki kuma ba ya ɗaure kowa, sai an sa hannu a yarjejeniyar tallafi a aji goma sha biyu.

Makinta tun daga wannan ajin ake lissafa shi. NCAA tana buƙatar darussa 16 da ta amince da su da matsakaicin maki 2.3 daga cikin 4 a rukuni na ɗaya, amma wannan ƙasan ƙasa ne. Jami'o'in da ke da kuɗin ɗaukar nauyin baƙo gaba ɗaya maki mai tsananin kyau suke nema. Ki je wurin mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu ki tabbatar darussan da take ɗauka suna cikin jerin.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Rahoton lauya Sally Yates na 2022 a kan cin zarafin 'yan wasan ƙwallo mata a Amurka ya nuna cewa matsalar tun daga ƙungiyoyin yara take farawa. Kada ta yi tafiyar kwana ba tare da ke ko babanta ko wata uwa da kika yarda da ita ba. Kada koci ya riƙa yi mata saƙo ita kaɗai, a sa ki a ciki. Ki tabbatar duk masu horarwar sun yi horon SafeSport na kare 'yan wasa daga cin zarafi. Batun sutura kuwa, tun 2014 dokokin ƙwallo suka amince da rufe kai, Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya na 2023 da hijabinta. Ku faɗa wa kulob tun ranar farko cewa za ta sa hijabi da dogon wando a ƙarƙashin kayan wasa, kuma tana azumi.

Kuɗin gida, Hajiya, ban goyi bayan a taɓa na abinci da maganin tsofaffi saboda kulob ba. Idan akwai abin da za a iya ɗagawa, kamar gini ko gudummawar biki, ku yi magana da 'yan'uwa a fili. Kada kuma ku ci bashin kati a kan tsammanin tallafi.

Kakarta ta ji daga bakinku, kada ta tsinta a Facebook. Wanda ya fi kusa da ita a cikinku ya kira ta cikin ladabi, ya fara da karatun yarinyar da sallarta, sannan ya nuna mata hotonta a cikin suturarta, ya nemi addu'arta. Ko ta nuna rashin jin daɗi da farko, ɓoyewar ce za ta fi yi mata ciwo. Idan kuna shirin kai yarinyar Kano, hutun bayan aji tara ya fi na bayan aji goma, tunda a na bayan aji goma ne wayoyin masu horarwa ke fara shigowa. Amma a Yulin 2025 an mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wata uku, kuma ƙa'idojin suna ta canzawa. Kada ku sayi tikiti sai lauya ya duba fasfo ɗinku ke da ita da maigida, ya tabbatar muku da yadda za ku dawo.