Ruk da ƙarin soja ɗaya: inda nasarar ta kuɓuce maka

Ɗan'uwa, ka ce a wasan ces ɗin da ka buga kana riƙe da Fari (fararen 'ya'ya) an kai ƙarshe kowa da ruk ɗaya, kana da sojoji huɗu (a layukan tsaye na a, f, g, h), abokin wasanka yana da uku (f, g, h), amma aka tashi canjaras, kana neman sanin inda ka yi kuskure. Na bi takun da ka turo. Ba a ƙarshe ka zubar da wasan ba, tun lokacin da ka shigar da ruk ɗinka gidan a8, gaban sojanka, shi kuwa ya ajiye nasa a a1, bayan sojan.

Dubi yadda allon ya tsaya bayan ka tura sojan zuwa a7. Ruk ɗinka ya zama ɗan kurkuku: in ya bar a8, an cinye sojan. Ka taso da sarki daga g2 don ya kawo agaji, amma yana isa b6 sai Rb1 cek (wato ruk ɗinsa ya koma b1 ya ba da cek; R na nufin ruk, K na nufin sarki), ka koma c6, Rc1 cek, haka dai. Da sojan yana a6, sarkinka zai iya shigewa a7 ya ɓuya. Kai da kanka ka toshe masa mafaka. Baƙi kuwa, wato abokin wasanka, aikinsa ɗaya ne, ya riƙe sarkinsa tsakanin g7 da h7. Da ya kuskura ya taka f7 alhali layi na bakwai a buɗe yake, sai ka buga Rh8, in ya ci a7 ka ba shi Rh7 cek ka ɗauke ruk ɗinsa. Da ya hau layi na shida ba tare da kariya ba, cek ɗaya daga layi na takwas ya isa sojan ya zama sarauniya. Mutumin ya san wannan, shi ya sa bai motsa ba. Abin da ke karya irin wannan tsaron shi ne ka samu sojan f mai buɗaɗɗiyar hanya, domin f6 cek na tilasta sarkin barin g7. Sojan g ko na h ba ya yin wannan aikin.

Ƙa'idar da gwanin ces Siegbert Tarrasch ya shahara da ita ce ta dace a nan: ruk bayan soja yake zama, naka ne ko na abokin hamayya. Dalilin a fili yake. Duk takun da sojan ya yi gaba, ruk ɗin da ke bayansa yana ƙara samun fili, wanda ke gabansa yana ƙara matsuwa. Ka nemi wasa na 34 tsakanin Alekhine da Capablanca a Buenos Aires, 1927, wanda ya ba Alekhine kambun duniya. Sojojin kamar naka ne, huɗu da uku, ƙarin a layin a. Alekhine ya ajiye ruk a a4, bayan sojansa na a5, ruk ɗin Capablanca ya maƙale a a6 yana gadi. Da Capablanca ya kai sarkinsa can don ya karɓi gadin, sarkin Alekhine ya juya ta g5 zuwa h6 ya faɗa wa sojojin da aka bari ba mai tsaro. Wato sojan a ba lallai ne ya zama sarauniya ba, jan hankali ne aikinsa. Irin wannan damar ka samu lokacin da ruk ɗinka yake d4 sojan yana a4: ka tura a5, sannan Ra4, kafin nasa ya zagayo ta baya.

In an yi musayar sojoji har ya rage maka ɗaya tak, tambayar farko ita ce: sarkinsa zai iya shiga gaban sojan? In ya shiga, mai sani zai yi maka tsaron Philidor, ya jera ruk a layi na shida ya hana sarkinka hawa, kana tura sojan zuwa layin sai ya gangara ƙasa ya dinga cek ta baya. Canjaras ke nan. Saboda haka kafin ka tura soja, ka datse sarkinsa da ruk a layin tsaye, kamar mai rufe ƙofa.

In ka datse shi, za ka iso tsarin da ake kira Lucena, kuma wannan sai an haddace. Jera shi a allo: Fari sarki b8, soja b7, ruk c1, Baƙi sarki d8, ruk a2. Taku na farko Rd1 cek, Ke7. Na biyu Rd4, shi ne sirrin. Sai Baƙi ya buga Ra1, daga nan Fari da Baƙi bi da bi: Kc7 Rc1 cek, Kb6 Rb1 cek, Kc6 Rc1 cek, Kb5 Rb1 cek, Rb4. Ruk ya shiga tsakani, cek ya ƙare, sojan ya wuce. Masu gaggawa kan fito da sarki kafin su kai ruk layi na huɗu, sai cek ya kora su su koma b8. In kuma ka ajiye ruk ɗin a d5, sarkinsa na zuwa e6 ya tsokane shi.

Batun duba wasa kuwa, kada ka fara da inji, wato manhajar kwamfuta mai nazarin ces. Ka bi takun da idonka, ka tsaya duk inda aka yi musaya ko aka tura soja, domin su ne ba a iya janyewa, ka rubuta abin da kake tsoro a lokacin. Bayan nan ka kunna inji irin su Stockfish. Amma a ƙarshen wasan ruk lambar inji na yaudara, yana iya nuna kana gaba da maki ɗaya ko fiye a wurin da ba a cin kowa. In 'ya'yan da ke allo, har da sarakuna, ba su wuce bakwai ba, shafin ces na intanet mai suna Lichess yana da rumbun da ke faɗa maka kai tsaye ko ci ne ko canjaras. Ka jera Lucena da Philidor a can, ka buga kowanne da inji ta ɓangaren Fari da na Baƙi, sannan ka koma wasanka daga takun da ruk yake d4 ka gwada a5 da Ra4.