Amsa ga ƙanwar da kek ɗinta ke lotsawa a tsakiya

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kin ce shekarunki 15, kin yi kek sau huɗu: uku sun tashi a cikin obin gwanin sha'awa, kina fito da su suka lotsa a tsakiya, na huɗun kuma ya yi tauri har wuƙa na shiga da ƙyar. Kina tambaya ko dai ba ki da hannun kek ne, kuma wane abu mai sauƙi za ki fara da shi.

Maganar hannu ki ajiye ta gefe. A girkin tukunya hannu yana aiki, domin kina ɗanɗanawa kina gyarawa, gishiri ya yi kaɗan ki ƙara, ruwa ya yi yawa ki bari ya tsotse. Kek ba ya ba ki wannan damar. Da zarar kin rufe obin, abin da kika auna da wutar da kika ba shi su ne za su yanke hukunci. Don haka matsalarki tana ɗaya daga wurare uku: awo, yadda kika kwaɓa, ko wuta.

Mu fara da awo, domin nan yawancin masu koyo ke faɗuwa. Kofin awo na gaske yana ɗaukar mililita 240. Idan kika zuba fulawa a cikinsa da cokali a hankali, kika share saman da bayan wuƙa, za ki samu kusan giram 125. Idan kuwa kika tsoma kofin cikin fulawar kika danna, yana iya ɗaukar giram 150 ko fiye. A kofi biyu kin ƙara giram 50 ba ki sani ba, wannan kaɗai ya isa ya mayar da kek busasshe mai tauri. Ina kyautata zaton abin da ya samu na huɗun ke nan. Kuma kofin shan shayi na gida ba kofin awo ba ne, kowanne da girmansa. In da hali ki nemi ƙaramin sikelin kicin, ya fi miki duk wani kayan ƙawa da za ki saya.

Ga haɗin da nake ba duk mai koyo shawarar ya fara da shi, saboda ba ya buƙatar haddace komai. Ɗora ƙwai huɗu a kan sikeli da ɓawonsu. Abin da sikelin ya nuna, a ce giram 225, shi ne nauyin bota, shi ne nauyin sukari, shi ne nauyin fulawa. Sai bekin foda cokalin shayi biyu a share, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su tsinta, madarar ruwa babban cokali biyu, da fulebo na banila cokalin shayi ɗaya. In babu sikeli: bota kofi ɗaya, sukari kofi ɗaya da babban cokali biyu, fulawa kofi biyu ki rage babban cokali uku. Cokalin shayi na awo mililita 5 ne, babba kuma 15.

Kin lura na ce a share? Kalmar nan tana da muhimmanci. Mutane da yawa suna ganin in aka ƙara bekin foda kek zai ƙara tashi. Zai tashi kam, da sauri ma, amma kumfar iskar da ke ciki sai ta yi girma fiye da abin da fulawa da ƙwai za su iya riƙewa, ta fashe, kek ɗin ya rufta. Shi ne ainihin wanda kika kwatanta, mai kyau ta gilashin obin, mai rami a kan faranti. Ƙa'idar da ba ta cika ba da kunya ba ita ce kusan cokalin shayi ɗaya ga kowane kofin fulawa. In fulawarki irin wadda aka riga aka haɗa da abin tashi ce tun daga kamfani (za ki gani a jikin leda), kada ki zuba cokali biyun nan kuma.

Sannan bekin foda daban, bekin soda daban, duk da kamar da suke yi a ido. Soda ta fi ƙarfi kusan ninki uku, kuma tana buƙatar abu mai tsami a cikin kwaɓin, kamar yogot ko ruwan lemun tsami, kafin ta yi aikinta yadda ya kamata. Ita foda an riga an haɗa ta da nata tsamin. Wanda ya zuba soda a madadin foda zai samu kek mai duhu da ɗanɗanon sabulu. Ki kuma gwada fodarki kafin ki fara: rabin cokalin shayi a ɗan ruwan zafi. In ta yi kumfa nan take tana da rai, in ta kwanta shiru ta sha iska, ki zubar.

Yanzu kwaɓi. Ki fito da bota da ƙwai daga firij tun da wuri su huce daga sanyi. Botar da ake so ita ce wadda in kika danna da yatsa zai lotsa ba wahala, amma ba ta narke ta zama mai ba. Dalili kuwa, lokacin da kike buga bota da sukari, ƙwayoyin sukarin ne ke huda botar suna shigar da iska, bekin foda kuma waɗannan ƙananan kumfofin take hurawa su girma a cikin wuta. Narkakkiyar bota ba ta riƙe iska. Da injin bugu minti huɗu zuwa biyar sun isa, da cokalin katako kuwa ki shirya minti goma, hannu zai gaji, babu makawa. Alamar ta yi ita ce launin ya koma fari-fari, haɗin ya yi sauƙi kamar kirim. Majarin ma yana yi, amma ki duba jikinsa, wanda kitsensa ya yi ƙasa sosai da kashi 80 cikin 100 ruwa ne ya yi masa yawa, kek ɗinsa yakan yi danƙo a ƙasa.

Ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne ki fasa shi a wani ɗan kofi tukuna, kada lalatacce guda ya ɓata miki kayan gaba ɗaya. Ki buga har ya ɓace kafin na gaba. In kika ga haɗin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji, kada hankalinki ya tashi, sanyin ƙwai ne ko kin zuba da sauri. Zuba babban cokali ɗaya na fulawar ki ci gaba, zai haɗe.

Daga nan ki ajiye injin. Tankaɗe fulawa da bekin foda da gishiri tare, ki zuba a kashi biyu ko uku, kina juyawa da cokali daga ƙasa zuwa sama a hankali, madarar ta shiga a tsakani. Da zarar kin daina ganin farin gari, ki tsaya. Fulawa tana da wani sinadari da ake kira giluten, wanda ke ƙara ƙarfi da danƙo duk lokacin da aka murza ta da ruwa. Shi ake nema a burodi, shi ya sa ake wahalar murza shi, a kek kuwa shi ne abokin gaba. Kwaɓin da ya yi daidai zai faɗo daga cokali da kansa in kika ɗan girgiza, ba ya zuba kamar ruwa, ba ya kuma maƙalewa.

Sai wuta, wadda a ganina ita ce babbar mai laifi a kek ukun farko. Kunna obin minti 15 kafin kek ya shiga, a digiri 180 na ma'aunin Salshiyas (in na Faranhait ne a jikin naku, 350, in mai fanka ne a ciki, ki rage zuwa 160 na Salshiyas). Kada kwaɓi ya zauna yana jiran obin, obin ne zai jira kwaɓi. Shafa bota a gwangwani, ki shimfiɗa takardar gasa kek a ƙasa, kada ki cika shi ya wuce kashi biyu cikin uku. Ga mai koyo, raba kwaɓin nan a gwangwani biyu masu faɗin santimita 20 ya fi a tara shi a guda mai zurfi. Biyun za su gasu a minti 22 zuwa 25, zafi yana isa tsakiyarsu da wuri. Mai zurfin kuwa sai ya kai minti 50 zuwa awa ɗaya a wuta ƙasa da haka, wajen digiri 160 zuwa 170, kuma shi ne ya fi yaudarar mutum: sama ya yi ja, ƙamshi ya cika gida, tsakiya kuwa ɗanye. Kina fito da shi iskar ciki ta huce, babu abin da zai riƙe ta, sai ya zauna.

Ki ɗora shi a tsakiyar obin, kuma don Allah ki bar ƙofar nan. Na san zuciya tana so a leƙa, amma kowane buɗewa zafi yake fitarwa a lokacin da kek bai tsaya da ƙafarsa ba. Sai ya cinye aƙalla kashi uku cikin huɗu na lokacinsa kafin ki buɗe. Ki soka tsinken sakace a tsakiya cif, ba a gefe ba, gefe kullum shi ke riga gasuwa. In ya fito a bushe ko da ɗan ɓurɓushi, ya yi. In ya fito da jiƙaƙƙen kwaɓi, ƙara minti biyar. In sama na neman ƙonewa ciki bai yi ba, ki rufa masa takardar foyil sama-sama. Wani abu kuma, lambar da ke jikin maɓallin obin ba kullum take faɗin gaskiya ba, akwai wanda zafinsa ya wuce abin da ya nuna sosai. In kek ɗinki yana tsagewa a sama kamar dutse ya fashe, gefe ya yi duhu da wuri, naku mai zafi ne, ki rage digiri 10 zuwa 20 a karo na gaba. Bayan ya fito ki bar shi minti goma a gwangwani, sannan ki juye a kan raga ya sha iska. In kika bar shi ya huce duka a ciki, ƙasansa zai yi gumi.

Wanda ba shi da obin zai iya da tukunya mai kauri: a zuba gishiri kaurin yatsa biyu a ƙasa, a ɗora wani ɗan ƙarfe da zai ɗaga gwangwanin kada ya taɓa gishirin, a rufe ta yi zafi minti goma, sannan a sa kek a rage wuta. A ware tsohuwar tukunya don wannan, domin tana canza launi.

Game da abu mai sauƙi da kika tambaya, ki fara da fankek na kasko, ba don ya fi daɗi ba, sai don darasinsa ɗaya da na kek amma sakamakon a minti biyu kike ganinsa. Fulawa kofi ɗaya, sukari babban cokali biyu, bekin foda cokalin shayi ɗaya da rabi, ɗan gishiri, a kwano ɗaya. A wani kwanon ƙwai ɗaya, madara kofi ɗaya saura kaɗan, narkakkiyar bota babban cokali biyu. Juye mai ruwan a kan garin, ki juya kamar sau goma sha biyar ki bari, ko da kina ganin ƙananan gudaji, za su narke da kansu. Ya huta minti goma. Kasko a matsakaiciyar wuta, ɗan mai kaɗan a goge da takarda, ki zuba ƙaramin ludayi ɗaya. Idan ramuka suka fito a sama suka ƙi rufewa, gefe ya bushe, ki juya sau ɗaya tak, kada ki danna shi. Na farko yawanci ba ya kyau, kasko ne bai daidaita ba, mai girki ce ke cinye shi a tsaye. Gwada raba kwaɓin biyu wata rana, rabi ki buga shi sosai, rabi ki bar shi, ki soya ki kwatanta. Bakinki zai gaya miki abin da giluten yake yi fiye da duk bayanin da na yi.

Tunda ke ƙarama ce, dole in faɗi wannan: ki bari wani babba ya kasance a kusa duk lokacin da za ki kunna gas ko obin. Hannun kasko ya kalli ciki, kada ya leƙo waje inda riga za ta ja shi. Busasshen tsumma ake ɗaukar gwangwani mai zafi da shi, jiƙaƙƙe yana kai zafi hannu nan da nan. In mai ya kama wuta, kashe murhu ki rufe da murfi, kada ki kuskura ki watsa ruwa. In kin ƙone, ruwa mai sanyi daga famfo na minti 20, ba bota ba, ba man goge baki ba. Lasar ɗanyen kwaɓi ma ki haƙura da ita, ɗanyen ƙwai da ɗanyar fulawa duka suna iya ɗaukar ƙwayar cuta.

In kin sake gwadawa ya kuma lotsawa, kada ki zubar kafin ki yanka shi biyu ki duba ciki. In tsakiyar jiƙe take tana maƙale wa wuƙa, lokaci ne bai isa ba ko wuta ta yi yawa. In ta gasu amma manyan ramuka ne ko'ina, kuma yana ɗan ɗaci a harshe, foda ce ta yi yawa. In akwai wani layi mai danƙo a can ƙasa, botar ta narke ko ruwa ya yi yawa. Ki rubuta awon da kika yi, girman gwangwani, lambar da kika sa obin da mintocin da ya yi, a karo na gaba ki canza abu ɗaya kawai a cikinsu, in ba haka ba ba za ki san wanne ne ya gyara ba. Shi kuma wanda ya lotsa, yanke ɗanyen tsakiyar ki fitar, zoben da ya rage ki cika raminsa da yankakkun 'ya'yan itace, ki kai teburi a haka.