Yaya Ake Noman Ƙatuwar Kabewa a Gida?

Tambaya: Malam, ina da ɗan fili a bayan gidana a Aboabo, Kumasi. Na ga hotunan kabewar da ta fi mutum nauyi, shin zan iya noma irinta?

Amsa: Malam, asalin girman yana cikin iri. Waɗancan manyan galibi irin Atlantic Giant ne, wanda Howard Dill ya samar a Kanada, kuma a 2023 wani manomi a Amurka ya noma mai nauyin kilo 1,247. Sai dai irin ya fi son yanayi mai sanyi-sanyi, don haka a zafin Kumasi da danshinta kada ka sa ran kaiwa can, ko da yake za ka iya samun wadda za ta ba maƙwabta mamaki.

Ka shuka a farkon damina, wajen Afrilu, cikin rami mai yalwar ruɓaɓɓen kashin shanu, a inda rana take samu sosai. Idan ta yaɗu, ka riƙa rufe gaɓoɓin da ƙasa domin su yi sababbin saiwoyi.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne fure. Furen kabewa akwai mace da namiji; macen tana da ɗan ƙullutu a gindinta. Da sassafe ka tsinko namijin ka goga ƙurarsa a cikinta. Idan 'ya'ya suka kama, ka bar ɗaya tak ka cire sauran, ko da ranka bai so ba, domin abincin duka ya tafi gare ta. Ka shimfiɗa mata yashi a ƙasa, ka yi mata inuwa da buhu, ban-ruwa kuma a gindi kawai, saboda jiƙa ganye yana jawo cutar fumfuna.