Ga ƙanenmu na Marwa mai son zuwa Makka a ƙafa

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce kana so ka tashi daga Marwa ta Kamaru ka taka har Makka kamar mutanen da, kana tambayar guzuri da takalmi da yawan watannin da za ka yi. Ni a Abeshe ta Chadi nake, a kan hanyar da kake magana, kuma na yi shekara 11 ina koran shanu a ƙafa daga kasuwannin Chadi zuwa Kusiri kafin gwiwa ta zaunar da ni.

Mahaifina ya yi wannan tafiya tun ana kiran Injamena Fort Lami, kuma sai da ya shekara 4 kafin ya dawo. Ba tafiya suke yi a miƙe ba. In guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi ƙodago, damina ta tarar da mutum ya yi noma, a Sudan su tsinci auduga a gonakin Jazira har kuɗin jirgin ruwa na Sawakin ya taru. Da yawa ba su dawo ba, jikokinsu ne Hausawan da ke Sudan yau. Garin Mai Wurno da ke bakin Nilu ma mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi.

To amma hanyar nan a rufe take yanzu. Daga Abeshe sai Adre, daga Adre sai Janaina da Fashir na Sudan, can kuwa yaƙi ake tun watan Afrilun 2023. Mutane gudowa suke yi ta Adre, mu ne muke ganinsu da 'ya'yansu a kan jakuna, kai kuma kana so ka nufi inda suka baro? Ko da lafiya lau ake, Saudiyya ba ta karɓar alhaji sai da bizar Hajji, ita kuma ta hannun hukumar alhazan ƙasarku take fitowa, tare da katin rigakafin sanƙarau da na shawara. Tun daga gida ma, hanyar Mora zuwa Waza da Dabanga ba wajen da mutum ɗaya zai taka da jaka a kai ba ne saboda rashin tsaro. Wannan yankin ka shiga mota, ka sauka Kusiri, ka haye gadar Ngeli zuwa Injamena.

In takawar ce ke ranka, ka gwada Injamena zuwa Abeshe: Masaget, Bokoro, Bitkin, Mongo, Mangalme, Um Hajar. Ta haura kilomita 800, wata guda ne da ɗoriya in kana cin 25 a rana. Kada ka yarda da lissafin mai ɗoki da zai ce maka 40. Rana ta farko za ka yi, ta huɗu sai an ɗaga ka.

Ka tashi cikin hunturu, Nuwamba zuwa Janairu. Daga Maris zafi kan wuce digiri 40, da damina kuwa rafukan da ka gani busassu su ne ke cin mutane. Mu da asuba muke kama hanya bayan salla, hantsi ya yi zafi mu nemi inuwar aduwa, sai la'asar sakaliya mu ƙara kaɗan.

Ruwa shi ne tafiyar. Wata shekara wani ya rantse mana akwai rijiya a gaba, muka sha na jarka ba tattali. Da muka isa, sai laka da ƙudan zuma. Yaron da ke tare da ni leɓensa ya tsage, yana magana ba a ji, sai da wasu Larabawa makiyaya suka ba mu nono a ƙwarya. Tun ranar ba na barin rijiya sai mutum biyu da suka fito daga gaba sun gaya mini abu ɗaya. Ka sayi jaki da mangala, jarka biyu ta lita 20, kuma ka koyi Larabcin Chadi ko na tambayar ruwa da hanya ne, don bayan Bokoro Hausa da Fulatanci ba za su kai ka ko'ina ba.

Takalmi kuwa, wanda ƙafarka ta saba da shi. Sabo ya taɓa yi mini bororo a dunduniya, ya fashe, ƙasa ta shiga, na kwana 6 a kwance a gidan mutane. Man kaɗanya kowane dare saboda faso. Guzuri garin gero, dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, sukari da ganyen shayi. Kuɗi ka raba su gida uku, takardunka a leda a jikinka, don jandarma za su tambaya a kowane shinge. Kada ka tafi kai kaɗai, ku zama uku.

In alwashi ka yi, je ka sami malaminku. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya ga wani tsoho 'ya'yansa biyu na riƙe da shi saboda ya yi bakancen tafiya a ƙafa, sai ya umarce shi ya hau abin hawa. Kuma takawa na jiranka a can: ɗawafi, Safa da Marwa sau 7, Mina zuwa wajen jifa cikin cunkoso. Ni da na je a jirgi, duk da shekarun koran shanu, a ranar jifa ta biyu sai da na zauna a gefen hanya na cire silifa ina duba tafin ƙafata.