Sun ce zazzaɓi ne, abokin zamansa ya ce yunwa ce

Tambaya: Barista, ƙanena ya rasu a gidan gyaran hali yana jiran shari'a. Ma'aikata sun ce zazzaɓin cizon sauro ne. Amma wani da aka sako ya ce mana makonni ya yi yana yajin cin abinci saboda an ƙi kai shi kotu, har ta kai sai an tallafe shi yake zuwa bayan gida. Mun riga mun yi masa sutura a Daura. Mene ne mafita?

Amsa: Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri, 'yar'uwa.

Ko da ta tabbata shi ya ƙi abinci da kansa, hakan bai wanke masu tsare shi ba. Wanda aka kulle, lafiyarsa amana ce a wuyan hukuma, kuma sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 bai cire ɗan kurkuku daga haƙƙin rayuwa ba. Likita ba zai yi masa ɗura ba in yana cikin hayyacinsa, wannan ƙa'idar likitoci ce ta duniya. Amma dole a riƙa auna shi, a rubuta, a garzaya da shi asibiti in jiki ya rikice. Mai lafiya da ke shan ruwa yakan kai wajen wata biyu bai ci ba. Bobby Sands, wani fursuna a Ireland ta Arewa, kwana 66 ya yi yana yajin cin abinci kafin ya rasu a 1981. A irin wannan tsawon lokaci, wa zai ce bai lura ba?

Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta wajabta binciken duk mutuwar da ta faru a tsare. Ku shigar da takarda gaban majistaren da ke binciken musabbabin mutuwa. Yana da ikon kiran shaidu, har ma ya ba da umarnin tono gawa. Na san wannan da nauyi a wurinmu. Ku zauna da dangi da malamai, domin takardu kaɗai ma kan isa.

Su takardun nan nake so ku fi bai wa ƙarfi: katin asibitin gidan, littafin masu gadi, da takardar shaidar mutuwa. Lauya ya nema a rubuce ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana 7 su amsa. Shi kuma wanda aka sako, a kai shi kotu a Katsina ya yi rantsuwa a rubuce tun bai manta ranaku ba, tun kuma ba a tsorata shi ba.

Daga nan kuna iya kai ƙarar take haƙƙi a Babbar Kotu ku nemi diyya. Ƙa'idojin shigar da ƙarar take haƙƙi na 2009 ba su sa wa irin wannan ƙara wa'adi ba, amma ƙarar sakaci a kan ma'aikacin gwamnati wata 3 kacal doka ta ba ta, saboda haka kada ku jira sadakar arba'in. In babu kuɗin lauya, ku je ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da ke Katsina, koke a wurinsu kyauta ne. Kuma duk takardar da aka miƙo muku, kada kowa ya sa hannu sai lauya ya karanta.