Wane Mangwaro Za Ka Ba Mai Ƙaramin Gida?

Ɗana, ka ce wani bawan Allah ya zo gadina ba na nan, yana neman mangwaron da ya fi kowanne kyau zai dasa a sabon gidansa, kai kuma ka tsaya tsakanin Kent da Juli da Binta Sikari ka rasa wanda za ka miƙa masa, har ka ce ya dawo gobe. Gara da ka yi haka. In ya dawo, kada ka soma da sunan iri. Tambaye shi taku nawa ne tsakar gidan, ina sokawe yake, ina katangar maƙwabci, kuma in rani ya yi nisa da me zai ba shukar ruwa. Daga bakinsa za ka ji irin da ya dace da shi.

Fili ne babbar magana. A lambu muna ba manyan iri tazarar mita 10, kuma ka gani da idonka yadda rassansu ke haɗewa in sun manyanta. To mutumin da fulotinsa ƙafa 50 ne a kan 50, ya zuba ɗakuna uku da kicin da banɗaki, me ya rage? In ka ba shi irin da ke tashi sama, nan da shekara goma saiwa ta ɗaga masa daɓe, ganye ya cika indararo, maƙwabci ya kai ƙara wurin mai unguwa, ƙarshenta gatari. Irin wannan gida Juli nake ba shi, ba na ko shawara. Bishiyarta gajeriya ce, ba ta gaggawar girma, mita 5 zuwa 6 sun ishe ta, uwargida ma za ta iya tsinko na ƙasa-ƙasa ba tare da gora ba. Ɗanta ba babba ba ne, yana da ɗan faɗi kamar an danne shi, fatarsa kore-kore ce da ɗan ja a kafaɗa, ba shi da kyan gani a faranti. Amma yanka shi ka gani: ba zare, ga ƙamshi da ke cika ɗaki. Asalinta daga tsibiran Karebiyan ne, su Jamaika da Tirinidad, kuma ta fi jin daɗin ƙasa mai bushewa irin tamu a kan wuraren da ruwa ya yi yawa, inda baƙin tabo ke cin ta. Aibinta ɗaya, in ta nuna ba ta jure hanya, kwana kaɗan ta yi laushi. Shi ya sa 'yan lodi ba sa sonta. Wanda zai tsinka daga tsakar gida ya kai baki, ina ruwansa da hanya?

Zai iya ce maka ai ya sha wani mangwaro mai daɗi ya ajiye ƙwallon, shi zai shuka. Kada ka yi masa gardama, ɗauko wuƙa ka ɓare ƙwallo biyu a gabansa. Na mai zare irin namu na gida, za ka tarar cikinsa a rarrabe yake gida-gida, kuma in ya tsiro sai ka ga kai uku ko huɗu daga ƙwallo ɗaya. Yawancinsu uwar suke biyowa sak. Na Kent ko Juli kuwa ɗa guda ne a ciki, tsiro ɗaya, kuma ba lallai ya yi kama da wanda aka sha ba. Sai mutum ya yi shekara 6 zuwa 8 yana ban ruwa, ranar da ya haihu ya samu mai tsami ko mai warin kananzir. Mai aure, wato wanda aka ɗaura wa reshen wani iri, a shekara ta 3 ko ta 4 yake soma bayarwa, kuma abin da aka ɗaura shi zai fito. Dalilin ke nan muke shuka mai zare a leda ya zama gindi, saboda jurewarsa, sannan mu ɗaura masa reshen irin da muke so.

Kent da Kit daga Filorida ta Amurka suka fito, kuma su ne ake lodawa zuwa Turai daga yankin Sikaso na Mali da Bobo-Diyulaso na Burkina Faso. Manya ne, tsoka jingim, zare kaɗan ne ko babu. Mai babban gida da rijiyar burtsatse, ba shi Kent kanka tsaye. Sai dai ka faɗa masa gaskiya a kan lokaci. Mangwaro a nan yana huda ne cikin hunturu, na wuri su nuna a bazara tun daga Maris, amma Kent sai ya jinkirta, Kit kuma ya fi shi nawa, har damina ta riske shi a bishiya. Da ruwa ya sauka ƙudan 'ya'yan itace ke yawaita. Ya huda fata ya zuba ƙwai, a waje ɗigo ne kawai kake gani, ka yanka ka tarar da tsutsa. Wanda zai iya kwashe waɗanda suka faɗo kullum ya binne su a rami mai zurfi, ya kuma ɗaure na sama cikin jakar takarda, shi zai sha mangwaro lokacin da ya yanke a kasuwa. Wanda ba zai iya ba, ka karkatar da shi zuwa mai nuna da wuri. Ka kuma gaya masa Kit ko ya ƙosa kore yake zama. Masu jiran ya yi ruwan ɗorawa jemagu suke yi wa ajiya.

Su Binta Sikari da Fafaranda da Fita da Bakin Aku da Ɗan Kamaru kuwa, mutanenmu sun san su, kuma sau da yawa su suke zuwa nema da suna. Matsalar ita ce sunan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Abin da ake kira da wani suna a Zariya, ka je Sakkwato ka ji an laƙaba wa wani mangwaron daban. Don haka ni ba na yankar reshe sai daga bishiyar da na sha ɗanta, kuma ranar da aka yi aure ranar ake ɗaura wa kowane layi alama. Ganyen ƙananan nan duk kusan ɗaya ne a ido. In ka bari suka cakuɗe, ƙaryar da ka yi ba da niyya ba sai bayan shekara huɗu za ta fito, a gidan mutum, da sunan gadinar nan. Shi kansa mai zaren kada ka raina shi. Gidan gona mai fili da yara da yawa, inda ake son inuwa kuma ruwa ya yi ƙaranci, babu kamarsa.

In ya zaɓa, kai za ka tsamo masa ledar. Duba gaɓar auren ta warke ta haɗe, ba tsaguwa, kuma reshen sama ya yi sabon ganye har ya yi duhu. Ya dasa in damina ta zauna, rami kamar santimita 60 zurfi da faɗi, taki ruɓaɓɓe ba ɗanye ba, don ɗanye gara yake kira. Gaɓar ta zauna sama da ƙasa, kuma duk tohon da ya fito ƙarƙashinta a fige shi, in ba haka ba mai zaren zai ƙwace bishiyar. A yi mata shinge saboda awaki. Hudar shekarar farko da ta biyu a karye ta, ko ransa bai so ba. Kada kuma ya sa ta bakin kwatar wanka don sauƙin ban ruwa: bishiyar da ta girma tana bukatar ɗan ƙishi bayan kaka kafin ta yi huda sosai, wadda ke shan ruwa kullum ganye take tarawa.

In ya nace iri biyu yake so alhali gurbin bishiya ɗaya gare shi, ka ce ya dasa ɗaya yanzu. In ta yi rassa uku masu ƙwari, za mu je mu ɗaura masa na biyun a kan guda daga ciki, kuma kai za ka riƙe wuƙar.