Amsa: Me ya sa ganye ke yaushi da rana alhali ƙasa na da danshi?

Malam, ka ce shukarka na yaushi da tsakar rana duk da kana ba ta ruwa. Sau da yawa ba ƙishi ba ne. Ganye ne ke zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya jawowa.

A ƙarƙashin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Haske ke buɗe su don shigar iska, ta nan kuma ruwa ke fita kamar tururi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta sha ta nan yake tafiya. Iska mai zafin digiri 30 na ɗaukar danshi kusan ninki biyu na mai digiri 20, shi ya sa abin ke tsananta bayan azahar. Busasshiyar iska mai kaɗawa ta fi ɓarna, domin tana share ɗan laimar da ke lulluɓe da ganyen.

Ka ɗaure farar leda a reshe guda cikin rana. Kafin awa biyu za ka ga ɗigon ruwa a ciki.

Don Allah kada ka yi saurin ƙara ruwa. Tura yatsa santimita 5 cikin ƙasa tukuna. In akwai danshi, kuma ganyen ya miƙe da yamma, lafiya lau. Ruwan da ya kwanta yana hana saiwa numfashi har ta ruɓe, yaushin ya ƙaru. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi, ka tare iska, dashe kuma sai da yamma.